Awanni Nawa Ne Daga Dutse Zuwa Jidda?

Bayan Hajjin 2023 wata gardama ta riƙa tashi a majalisun Gumel da Maigatari. Tsofaffin alhazai na cewa tafiyar awa huɗu da 'yan kai ce. Sababbi kuma suna rantsuwa sun kusa awa bakwai a sama. Wanda ya tsaya a gida yana jiran waya, shi lissafinsa har tara ya kai. Kuma duk cikinsu babu maƙaryaci.

A fara da nisa, tunda shi ba ya motsi. Daga filin jirgin Dutse, wanda aka buɗe a 2014 zamanin Gwamna Sule Lamiɗo, zuwa Jidda, kimanin kilomita 3,300 ne a miƙe. Babban jirgin alhazai na cin wajen kilomita 850 a awa. In aka raba, aka ƙara lokacin tashi da na sauka, awa huɗu da rabi ke nan. Maganar tsofaffi ta fita.

Saura mai awa tara. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa biyu. Alhaji ya tashi ƙarfe goma na dare, ya bugo waya ya ce, "Yaya, mun sauka lafiya, yanzu bakwai na safe." Yayan da ke Sule Tankarkar sai ya ƙirga da yatsu, ya manta bakwai ɗin can biyar ce a nan. Shi ya sa a dawowa takarda ke nuna kamar jirgin ya yi tsafi. A cire biyun nan, tara ta koma bakwai.

To, ina sauran awa biyu da rabi suka shiga? A nan ne zancen ya daina zama na raha. Ja layi a taswira daga Jigawa zuwa Jidda: zai ratsa Chadi, ya bi ta Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa ke nan, wasu su shekara da shekaru suna ƙwadago a gonakin auduga na Gezira kafin su isa, wasu ma can suka zauna, jikokinsu na nan har yau. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojoji da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar ana saura makonni a fara jigila. Dole jirage suka kewaye Sudan, ƙasar da faɗinta ba na wasa ba ne.

Kewayen nan mai yake sha, mai kuwa da dala ake sayensa. Kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane maniyyaci, alhali manomin Gagarawa da ya sayar da riɗinsa da shanunsa ya riga ya biya kuɗin kujera tun kafin a harba harsashin farko.