Ganuwar Sararin Samaniya: Daga Wasan Telebijin Zuwa Unguwar Lugbe

Matafiyin da ya baro filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe ya nufi cikin birnin Abuja, in ya iso Lugbe zai wuce Cibiyar Sararin Samaniya ta Obasanjo. Nan ne hedkwatar hukumar NASRDA da aka kafa a 1999, nan kuma kamfanin NIGCOMSAT yake, kuma daga nan ne ake lura da taurarin ɗan Adam da Nijeriya ta kashe maƙudan kuɗi ta aika sama. Abin tambaya shi ne, da me ake tsaron wannan dukiya da ke shawagi inda ƙafar soja ba ta kaiwa?

Matasan da suka tashi da kallon telebijin suna da amsa a bakinsu, domin sun ga yadda ake yi a wasan kwaikwayon Amurka mai suna Star Trek: Deep Space Nine, wanda aka nuna daga 1993 zuwa 1999. Labarin wata tasha ce ta ƙage a can cikin taurari, ƙarƙashin wani kwamanda baƙar fata mai suna Benjamin Sisko. A kashin farko tashar ba ta da makaman kirki, rokoki shida kacal ke gare ta. Da abokan gaba suka kewaye ta, sai ma'aikatanta suka yaudari na'urorin maharan har suka ɗauka rokoki 5,000 ne jibge a ciki. A wani kashi na 1995 wasu maharan suka zo, suka zaci tsohuwar dabara ce, ashe wannan karo makaman na gaske ne, suka kwashi kashinsu a hannu. Duk da haka, a kashin 1997 rundunar da ta fi ƙarfi ta zo, dole Sisko ya kwashe mutanensa ya bar tashar.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tunanin ganuwa ne, irin ta Kano da Katsina da Zazzau: a ɗaga bango, a rufe ƙofa, a jera maharba a sama. To, amma sararin samaniya na haƙiƙa bai san wannan tsari ba.

Tarayyar Sobiyet ta taɓa gwadawa. A 1974 ta harba tashar soja mai suna Salyut 3 ɗauke da bindiga irin ta jirgin yaƙi, aka kuma gwada harba ta a Janairun 1975 lokacin da babu kowa a ciki. Ba ta taɓa fuskantar abokin gaba ba. Tashar ƙasa da ƙasa da ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 400 kuwa ba ta da bindiga ko ɗaya. Abin da ke barazana gare ta shi ne tarkacen ƙarfe da ke gudu fiye da harsashi, kariyarta kuma ita ce sulke mai hawa-hawa da kuma kaucewa in an hango wani abu tafe.

Hasali ma makami a sama ramin mugunta ne. A Janairun 2007 ƙasar Sin ta tarwatsa wani tsohon tauraronta da roka, abin ya bar gutsattsari fiye da 3,000 da na'ura ke iya bin sawunsu. A Nuwamban 2021 Rasha ta yi irin wannan, har 'yan sama jannatin da ke tashar ƙasa da ƙasa, ciki har da 'yan Rasha, suka fake cikin kumbunansu don gudun abin da ka je ya zo. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967, wadda Nijeriya ke cikinta, ta haramta girke makaman nukiliya a sama, amma ba ta yi maganin tarkace ba.

Nijeriya ma ta ɗanɗana asara, ba tare da kowa ya harba mata komai ba. An harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a Satumban 2003. Na sadarwa, watau NigComSat-1, ya tashi daga ƙasar Sin a Mayun 2007, amma a Nuwamban 2008 fukafukansa masu tara hasken rana suka lalace, wuta ta ɗauke masa, ya mutu a nisan kimanin kilomita 36,000 inda babu makaniken da zai je. Sai a Disamban 2011 aka harba NigComSat-1R ya maye gurbinsa. Shekara uku ke nan ƙasar tana jira.

Har ila yau akwai hanyar da maƙiyi kan bi ba tare da ya ɗaga kai sama ba. Ranar 24 ga Fabrairun 2022, da Rasha ta auka wa Ukraine, masu kutse ta kwamfuta suka kashe dubban na'urorin sadarwa na kamfanin Viasat da ke ƙasa, alhali tauraron yana sama lafiya lau.

Saboda haka ganuwar taurarin Nijeriya a ƙasa take. Dokar 2016 ta kafa Hukumar Tsaron Sararin Samaniya ta sojoji, mai hedkwata a Abuja, don samar wa dakarun ƙasa da na ruwa da na sama hotuna da hanyoyin sadarwa. Aikin irin wannan hukuma ya dogara ne ga injiniya ƙwararre, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da kwamfutar da ɓarawo ba ya iya shiga, da kuɗin sayen sabon tauraro kafin tsohon ya gaji.

Nan ne kuwa gizo ke saƙa. An ƙera NigeriaSat-2 na 2011 don aikin shekara 7, NigComSat-1R kuma don shekara 15, watau zuwa 2026. Sojan da ke farautar 'yan fashin daji a dazukan Zamfara da Katsina yana bukatar ido a sama, haka ma manomin da ambaliya ke yi wa barazana a gaɓar Binuwai. Duk ranar da ƙasa ta rasa idonta, sai ta sayi hoto daga hannun wasu, a kan farashin da suka yanka, a lokacin da suka ga dama. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma tauraron ɗan Adam in ya tsufa sai dai a canja shi, kuma ƙera sabo kan ɗauki shekaru.