Yadda damina ke mayar da gonakin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ajujuwan Jami'ar Maraɗi

A bisa tsari, watannin Agusta da Satumba lokacin dogon hutu ne a jami'o'in Jamhuriyar Nijar. Sai dai ga ɗaliban aikin gona da muhalli na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke Maraɗi, a nan ne aiki ke tsananta, domin gero ba ya jiran a dawo daga hutu. Duk wanda bincikensa ya shafi shuka ko ƙwari ko itatuwa, dole ya bar birni ya bi damina zuwa ƙauye. Idan ta wuce bai tattara bayanansa ba, sai ya jira wata shekarar.

Gine-ginen jami'ar suna cikin birnin Maraɗi, amma gonakin gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji na cikin wuraren da masu bincike suka daɗe suna komawa. A watannin ruwa, su ne ke zama ajujuwa da ɗakunan gwaji, tare da ma'aikatansu na wucin gadi da tsarinsu da matsalolinsu.

Jami'ar da aka kawo kusa da gida

Shekara da shekaru, ɗan jihar Maraɗi da ke son karatun jami'a a cikin ƙasa sai ya nufi Yamai, inda aka fara karatun gaba da sakandare a 1971. A 2008 aka buɗe cibiyar koyar da fasaha ta IUT a Maraɗi, sannan a 2010 gwamnati ta kafa cikakkun jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2014 aka sanya wa ta Maraɗi sunan Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai kuma tsohon ministan ilimi, wanda ya taɓa shugabantar hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci.

A yau jami'ar na da tsangayar kimiyya da fasaha, da ta aikin gona da muhalli, da ta kiwon lafiya, ban da cibiyar IUT. Tana bin tsarin LMD, wato shekara 3 a digirin farko, 2 a na biyu, 3 a na uku. A wannan tsari, ɗalibin fannin noma na buƙatar horon aiki a fili, wanda ɗalibai ke kira “stage” da Faransanci, kafin ya rubuta kundin kammala karatu ya kāre shi a gaban malamai.

Jihar da jami'ar ke zaune a cikinta na da mutum sama da miliyan 3.4 a ƙidayar 2012, kuma mafi yawansu da noman damina suka dogara. Wannan ne ya sa abin da ɗalibai ke aunawa a gona ya wuce batun samun maki, ya shafi abin da zai shiga rumbu.

Agye: inda manoma suka riga malamai

Garin Agye na kan babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 80 gabas da Maraɗi. Tun kafin a kafa jami'ar Maraɗi, yankin ya saba da baƙi masu littafi da alƙalami. Asusun bunƙasa aikin gona na duniya, FIDA, ya ɗauki nauyin ayyukan raya karkara a can tun shekarun 1990, kuma daga 2005 shirin PPILDA ya yi suna wajen tallafa wa dabarun da manoma suka ƙirƙira da kansu, tare da haɗin gwiwar malamai da ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai.

Babban darasin yankin shi ne sassaben zamani. A maimakon manomi ya share gona ƙwal kafin shuka, sai ya zaɓi tohon da ke fitowa daga kututturen kalgo ko sabara, ko ɗan gawon da ya tsiro da kansa, ya rage rassan ya bar masu ƙarfi su girma. Wani ɗan ƙasar Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, ya fara yaɗa dabarar a 1983, ta kuma ƙara bazuwa bayan yunwar 1984. Daga baya masu bincike da suka yi amfani da hotunan sama sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agye ya shahara da kwamitocin sa ido a kan itatuwa, waɗanda mata ke cikinsu, masu hana sare itace ba bisa ƙa'ida ba. Ɗalibin da ya je irin wannan ƙauye zai ƙirga itatuwa a kowace hekta, ya auna kaurinsu da tsawonsu, ya kwatanta geron da ke ƙarƙashin gawo da wanda ke fili. Zai tabbatar da alƙaluma abin da manomi ya daɗe da sani: gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana shuka rana, ganyen kuma ya zama taki.

Ƙaramin ƙwaro mai kāre gero

Wani aikin da damina ce kaɗai lokacinsa shi ne yaƙi da tsutsar zangarniyar gero, wadda manoma ke kira murzuna. Tana shiga zangarniya tun gero na fure ta riƙa ci tana zagayawa, kuma a shekarar da ta yi yawa takan lalata kaso mai tsoka na amfanin gona.

Masu bincike na cibiyar INRAN da ke Tarna kusa da Maraɗi, tare da malaman jami'ar irin su Farfesa Ibrahim Baoua, masanin ƙwari, sun shafe shekaru suna aiki da wani ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Macensa na harbin tsutsar ta sa ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta. Ana kiwonsa a ɗakin gwaji, a zuba shi cikin ƙananan buhunan algarara tare da tsabar gero da tsutsotsin da zai hayayyafa a kansu, sannan a rataye buhunan a kewayen ƙauye daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Daga nan zanzaron ke bazuwa cikin gonaki har tsawon wasu kilomitoci.

Aikin na buƙatar hannaye da yawa a cikin 'yan makonni kaɗan: masu kiwo, masu kai buhuna ƙauye, masu komawa su yanki zangarniya su ƙirga tsutsotsin da suka mutu. Idan aka makara da mako biyu, ƙoƙarin shekarar ya tafi a banza.

Haka nan buhun PICS mai riɓi uku, wanda aka samar tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, an yi gwaje-gwajensa da dama a Maraɗi. Ledoji biyu na ciki na toshe iska, sai ƙwarin wake su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ga manomin Gazawa ko Cadawa, wannan na nufin zai iya riƙe wakensa har farashi ya tashi, a maimakon ya sayar da araha da kaka ga 'yan kasuwar da ke kaiwa Jibiya da Dawanau.

Gazawa da Gidan Rumji: kowacce da nata darasi

Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Agye. Kwarin Gulbin Kaba da ya ratsa yankin ya shahara da goruba, wadda ake saƙa tabarmi da igiya da kabarta. Ga masu nazarin muhalli, babbar tambaya a nan ita ce yadda za a ci gaba da yankan kaba ba tare da an hana ƙananan itatuwan girma ba, da kuma yadda za a kāre burtali da makiyaya daga faɗaɗar gonaki, matsalar da ke haddasa saɓani tsakanin manoma da makiyaya a duk damina.

Gidan Rumji kuwa tana yamma da Maraɗi, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomi irin su Tibiri, fadar Sarkin Gobir, da Cadakori da Gidan Sori. Gulbin Maraɗi na ratsa ta, abin da ke ba ta fadamu masu kyau da kuma barazanar ambaliya. Tun 2019 gundumar ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina na Najeriya, waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da gidajensu. An tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Wannan ya sauya tsarin aikin fili. Kafin malami ya tura ɗalibi wani ƙauye na kusa da iyaka, dole a duba yanayin tsaro, a sanar da hukuma da mai gari. Inda hankali bai kwanta ba, akan sauya ƙauyen ko a taƙaita kwanakin, lamarin da ke sa wuraren da suka fi buƙatar bincike su zama su ne aka fi ƙaurace wa.

A fannin lafiya ma damina ce lokacin da aiki ya fi yawa, saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa na haɗuwa a kan yara. Gidan Rumji na cikin gundumomin da aka fara raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina a 2013, ga yara 'yan wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a kowane wata. Kamfen ɗin na ɗaukar matasa da yawa aiki na 'yan kwanaki, kuma asibitocin karkara na ƙara buƙatar hannu a wannan lokaci.

Ma'aikatan da sunansu ba ya fitowa a kundi

Bayan kowane ɗalibi akwai mutanen da binciken ba zai yiwu ba sai da su. Akwai malamin gona na ƙaramar hukuma da ya san manoma ɗaya bayan ɗaya. Akwai manomin da ya bayar da wani ɓangare na gonarsa don gwajin sabon iri, alhali da ita yake ciyar da iyalinsa. Akwai ɗan kabu-kabun da ya san hanyar da ruwa bai yanke ba, da gidan da ke saukar da baƙo ya ba shi tuwo da tabarma.

Akwai kuma matasan da suka gama jami'a ba su samu aiki ba, waɗanda ƙungiyoyi da ayyukan raya ƙasa ke ɗauka na mako biyu ko wata guda don tattara bayanai da wayar salula. Ga da yawa daga cikinsu, wannan ne aikin farko da za su rubuta a takardar neman aiki. Sai dai kwantiragi ne na ɗan lokaci, da kaka ta yi ya ƙare.

Kuɗi, kalanda da harshe

Horon fili na da tsada. Akwai kuɗin mota da na abinci da na buga takardu, alhali alawus ɗin da hukumar ANAB ke biya ba kowane ɗalibi ke samu ba, kuma ƙungiyoyin ɗalibai sun sha kokawa kan jinkirin biyansa. A gidaje da dama, ɗan'uwan da ke Kano ko Legas ko Aljeriya ko Libiya ne ke turo abin da za a cike giɓin.

Kalandar karatu ma takan ci karo da ta damina. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta SNECS a 2018 da 2019, kan batun naɗa shugabannin jami'o'i, ya sa shekarun karatu sun hau kan juna, har wasu ɗalibai suka riƙa zama a aji a lokacin da ya kamata suna gona. A 2024 kuma ambaliyar da ta yi wa jihar Maraɗi mummunar ɓarna ta sa gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba.

Sannan yawancin ayyukan bincike na dogara ne da tallafin waje. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wasu masu ba da tallafi sun dakatar da nasu, kuma rushe hukumar USAID ta Amurka a 2025 ya ƙara rage kuɗin binciken noma a Afirka baki ɗaya. Idan aiki ya tsaya, gurbin horon ɗalibi da ɗan kwantiragin matashi na tsayawa tare da shi.

Matsalar da ta fi tsufa ita ce ta komawar sakamako. Ana yi wa manomi tambayoyi da Hausa, a rubuta kundi da Faransanci, a kāre shi a Maraɗi, sannan a ajiye a ɗakin karatu. Sau da yawa ƙauyen da ya bayar da lokacinsa ba ya jin abin da aka gano. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ke ƙara ƙarfafa hujjar masu ganin ya kamata kowane kundi ya samu taƙaitaccen bayani da Hausa, a karanta shi a dandalin ƙauye ko a gidan rediyon al'umma.

Hanyar yin hakan ba sabuwa ba ce a yankin. Sassaben zamani da buhun PICS sun bazu ne saboda an nuna su a gona da kasuwa, manomi ya gani da idonsa ya faɗa wa maƙwabcinsa. Ƙungiyoyin 'yan asalin Agye da Gazawa da Gidan Rumji mazauna birane da ƙasashen waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don gina masallaci ko haƙa rijiya, na iya ɗaukar nauyin horon ɗalibi ɗaya ko biyu a ƙauyensu, da sharaɗin ya dawo bayan kaka ya yi wa mutane bayanin abin da ya gano, kafin su yanke shawarar irin da za su shuka a damina mai zuwa.