Me ya sa bai kamata a yi sakaci da linkejin mota ba?

A ƙarƙashin mota akwai sandar ƙarfe mai haɗa ƙafar dama da ta hagu, wadda makanikai ke kira stabilaiza. Aikinta hana mota karkata sosai idan an sha kwana. Gajerun sanduna biyu, wato linkej, su ke ɗaure bakunanta da shokozoba a motoci da yawa. Kowane kan linkej yana da gaɓa mai juyawa cikin giris, an rufe ta da roba. Da zarar robar ta yage, ƙura da ruwa suka shiga, gaɓar ta cinye, sai a riƙa jin ƙwas-ƙwas a hanya mai gargada.

Wani zai ce ai motar tana tafiya, don me za a kashe kuɗi? Gaskiya ne, ba za ta tsaya ba. Amma idan linkej ya tsinke, stabilaiza ta daina aiki, motar kan kwanta gefe a kwana, musamman in direba ya kauce wa wani abu a guje. Ga shi kayan ba tsada, canjinsa kuma ba ya cin lokaci. Ya fi kyau a canja biyun tare, domin hanya ɗaya suka sha, tsufansu ɗaya.