Lambun Tsakar Gida da Jarin Tsumma a Ƙasar Gobir: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Ƙasar Sabon Birni da Isa ƙasar gulbi ce. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna gamuwa a yankin Isa su haifi Rima, Gulbin Maraɗi kuwa daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Nijar, ya sake faɗowa Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Wannan kwarin ne ya ɗauki Alƙalawa, babban birnin Gobir, har zuwa faɗuwarta a 1808, kuma har gobe shi ke ciyar da jama'a: gero da dawa da wake a tudu, albasa da barkono da shinkafa a fadama. A irin wannan wuri, a da, ba a ɗauki 'yar shukar da mace ta yi a bayan ɗakinta a bakin komai ba. In ba lallen ƙunshi ba, to duma ne da ya hau danga.

Yanzu lissafi ya sake. Tun wajen 2019 da ta'adin 'yan bindiga ya yi ƙamari, gona mai nisa ta zama wurin da ake zuwa da fargaba. Wasu ƙauyuka sun watse, dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, wasu sun taru a cikin gari a gidajen 'yan uwa. A Satumbar 2021 gwamnatin Sakkwato ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. A ƙarshen Mayun 2023 aka janye tallafin mai, bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli kuma aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai ƙara wa kashin tumatir da yadin atamfa kuɗi ba. Tsakar gida ba za ta maye gurbin gona ba, don babu mai cika rumbu da abin da ya shuka a buhu. Amma kayan miya, da suturar yara, da ƙananan kayan aikin gida, ana iya rage musu tsada ƙwarai, kuma yawancin dabarun mun gaje su ne, ba daga waje aka kawo mana ba.

Ruwa ne babbar matsalar mai lambun gida, ba fili ba. Damina wata huɗu ce in ta yi kirki, daga Yuni zuwa Satumba, a Afrilu da Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40. Wanda yake sayen jarka a hannun ɗan garuwa ba zai juye ta a gindin ganye ba. Don haka ruwan da ya riga ya yi aiki sau ɗaya shi ne abin nema, kuma babu kamar ruwan alwala. A mayar da wurin alwala gindin shuka, sai ya zama ana ban-ruwa sau biyar a yini ba tare da kowa ya ɗauki bokiti ba. Ruwan wanke shinkafa da na ɗaurayar ganye ma suna da kyau. Ƙasari na awaki ne, a bar musu abinsu. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa a kai shi gindin dogon yaro, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa ya ƙone saiwa. Na makewayi kada ya kusanci abin da za a ci ɗanye.

In akwai tsohon tulu a gida, ko da ya fara tsagewa, a binne shi har wuya, a cika shi da ruwa, a rufe bakinsa saboda sauro, a shuka abin da za a shuka a kewaye da shi. Yumɓu yana tsatsar da ruwa a hankali kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta samun abin sha. Inda ƙasar gida ta zama faƙo, akwai dabarar tassa wadda manoman jihar Tawa suka gano a wurin takwarorinsu na Yatenga ta Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980. Rami ake haƙawa mai zurfin taƙi guda, a zuba taki cikin tafi biyu, a tara ƙasar da aka haƙo ta gefen gangare don ta tare ruwa. Gara za ta zo cin takin, ta huda faƙon, ruwa ya samu hanyar nutsewa. Gindi biyar ko shida na kabewa ko kuɓewa ba su fi ƙarfin wannan ba.

Wanda ke zaman haya ko zaman aro, kamar yawancin waɗanda suka baro ƙauyukansu, buhu ne gonarsa. Tsohon buhun shinkafa ko na taki, a wanke shi, a huda gindinsa, a cika shi da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Sharaɗin shi ne takin ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, na awaki da tumaki ya fi sauƙi amma shi ma a tara shi ya huce tukuna. Rana tana cin buhun roba, da wuya ya wuce shekara bai fara zubewa ba, sai a jingina shi inda inuwar katanga ke faɗawa da yamma. Amfaninsa shi ne in tashi ya kama, ana iya ɗora shi a amalanke a tafi da shi.

Me za a shuka? Zogale tukuna. Yana jure fari, yana fitowa daga iri ko daga yankakken reshe, kuma ganyensa na ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A, da furotin mai gina jiki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar shi ya miƙe har ya wuce katanga, ya yi ta tsawo babu ganye. Masu noman zogale na fadamar Maraɗi, irin su mutanen Jiratawa da suka mayar da shi sana'a, ba sa barinsa ya yi haka. Datse shi suke yi ƙasa-ƙasa, ya fashe da rassa, su riƙa tsinka a kai a kai. A gida a sare kansa da ya kai ƙugu. In ganye ya yi yawa a shanya shi a inuwa, ba a rana ba, don rana tana rage masa amfani. Kwaɗo da ƙuli-ƙuli, dambu, miya, duk yana shiga. Sai dai a yi hattara da masu cewa yana maganin komai. Yaron da tamowa ta kama, ƙafafunsa suka kumbura ko ya rame ya daina cin abinci, asibiti za a kai shi, ba garin zogale za a dama masa a zauna ba.

Bayan zogale sai masu saurin biya: alayyafo da ake fara yanka cikin wata guda, da rama, da sure, da lalo. Kuɓewa kan fara 'ya'ya wajen wata biyu, kuma in ana tsinka tun tana ƙarama takan daɗe tana bayarwa. Kabewa da duma da soso a ba su danga ko rufin rumfa su hau, ba sa cin fili. Tumatir ne mai ban haushi. Da bazara sai ya yi kore shar, ya yi fure, furen ya kaɗe saboda zafi, mai shi ya ce an yi masa baki. Lokacinsa hunturu ne, a yafa iri da kaka.

Akuya ta fi kowane ƙwaro ɓarna, kuma maganinta shinge ne kawai: kara, ko ƙaya, ko gidan sauron da ya tsufa ya yayyage. Wanda ya tsufa, ba sabon da aka raba don yara su kwana ciki ba. Ƙwari kuwa a daka 'ya'yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Toka ma tana korar wasu. Abin da aka tsinka ya yi saura, a tuna da randa cikin randa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Malam Muhammad Bah Abba ne ya yaɗa ta a ƙauyukan Jigawa har ya samu kyautar Rolex a 2000. Tana aiki ne saboda ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, shi ya sa ta fi kyau a busasshiyar iska irin tamu, da damina kuwa ƙarfinta kan ragu.

Ta ɓangaren sutura, tsofaffin mata ba su san a jefar da zane ba. Turmin atamfa yadi shida ne, falle uku. Falle ɗaya zai fara da zuwa biki, ya koma na zaman gida, ya zama zanen goyo, a yaga shi a yi majanyi, daga nan ya zama shimfiɗar jariri, ya ƙare a gammo ko abin sauke tukunya. Wannan tafiyar tana ɗaukar shekaru. Abin da ya canza shi ne ingancin kayan. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, wasu da dama ma suka bi ta, kuma mafi yawan atamfar da ke fitowa daga kasuwar Kantin Kwari a yau daga waje take, wata roba ta fi auduga yawa a cikinta. Irin wannan ba ta shan ruwa, ba ta kuma dace da fatar jariri ba. In za a ajiye tsumma, a ware na auduga daban.

Akwai 'yan dabaru da kowace uwa ya kamata ta riƙe. In za a yi wa yaro ɗinki, a ce wa tela ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasan riga da ƙafar wando, baɗi a warware ta. A kuma nemi ragowar ƙyalle, haƙƙin mai kaya ne, ba roƙo ba. "Malam tela, a haɗo mini da ƙyallen" ta isa. Da shi za a yi maho in gwiwa ta fashe, kuma maho da tun farko aka sa shi ta ciki kafin wurin ya huje ya fi daɗewa. Ƙyallayen da suka taru ana harhaɗa su a yi rigar matashi, ko mayafin yara na hunturu mai ninki biyu, ƙananan kuma su zama cikon matashin. Babbar rigar maigida da ta mutu a wuya tana fitar da kaftani biyu na yara. Keken ɗinki na ƙafa, irin su Butterfly, ba ya jiran wutar lantarki, kuma mata da yawa da adashi suka mallake shi. Mai keke ɗaya a unguwa tana samun na cefane daga faci kaɗai, ba sai ta iya sabon yayi ba.

Wasu sana'o'in gaba ɗayansu a kan tsohon kaya suka tsaya. Gyartai yana ɗinke fasasshiyar ƙwarya tun kafin a san roba. Tsohuwar taya tana zama takalmin da ƙaya ba ta hudawa, tubun cikinta ya zama guga. A ƙofar gida za ku ga dattijo ya warware buhu zare-zare, ya maƙale bakin a babban yatsan ƙafarsa, yana tufka da tafin hannu yana hira, kafin la'asar ya fitar da igiyar ɗaure akuya. Mata suna naɗa zaren buhu mai launi a kan kaba su yi faifai da mafici. A manyan garuruwa abin ya zama ciniki sosai: 'yan jari-bola suna tattarowa, kasuwanni irin su Katako ta Yamai suna narkarwa suna ƙerawa.

A nan ne kuma ake cutuwa, don ba kowane tsohon abu ne yake komawa aiki ba. Galan ko kwalbar maganin feshi ba ta wankuwa, ko an wanke ta sau goma, kada a zuba mata ruwan sha, ko mai, ko nono. A huda ta don kada wani ya tsinta. Tsohon batirin mota dalma ce a cikinsa, kuma mun ga abin da dalma ta yi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen alminiyom ma akwai magana a kansu: binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano wasunsu suna sakin dalma a cikin abinci, musamman in da tsami. Miyar sure da tsamiya sun fi dacewa da tukunyar ƙasa ko ta kamfani. Leda da taya kada a hura wuta da su, hayaƙinsu guba ne ga mai girki da goyonta. Tayar da aka yasar a bayan ɗaki da damina kuwa matattarar sauro ce ta gaske, ko dai a cika ta da ƙasa a shuka lalle a ciki, ko a kife ta inda ruwa ba zai kwanta ba.

Wanda zai fara, ya fara tanadin iri tun yanzu. A bar kuɓewa biyu da ƙwanson zogale su bushe a jikin uwarsu, a ɓare, a gauraya da ɗan toka, a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, a ajiye inda ba zafi. Zogale da kuɓewa a shuka su da ruwan farko ya zauna a watan Yuni, domin saiwarsu ta yi nisa kafin rani ya shigo.