Gonar da Ba ta Sha Feshi

Manomin da ya haramta wa gonarsa takin zamani da maganin feshi, ya tsaya ga kashin dabbobi da toka da jiƙon ganyen darbejiya, kallon mai taurin kai ake masa. Amma in ka zauna da shi za ka ji damuwarsa ta wuce iyakar gona, ta kai har tukunya.

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda yawan sinadarin dichlorvos da ake samu a cikinsa. Shi ne gubar fiya-fiya da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ƙwari su huda shi. Turawa dai sun rufe ƙofarsu, waken kuwa mu muka ci abinmu a ƙosai da alale. Abin haushin, mafita na nan: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar, yana toshe iska har ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba.

Manomin namu bai yi feshi ba, amma iska ba ta san iyaka ba. In maƙwabci ya yi feshi lokacin da amfani ke fure, ƙudan zuma ne ke kwana a ciki, alhali kankana da kabewa ba sa 'ya'yan kirki sai zuma ta yi ta kai-kawo tsakanin furanninsu. Haka in jirgi ya feshe tsuntsayen jan baki, shaho da mujiyar da suka ci gawarsu su ma sun sha, ɓeraye kuma su sami sake.

Da siyasa ta shigo, sai abin ya ƙara ɗaure kai. Turai ta hana paraquat, mai kashe ciyawa, tun 2007, amma aka ci gaba da sarrafa shi a can ana sayar wa ƙasashe masu tasowa. Tallafin gwamnatocinmu kuwa kusan duk a buhun taki yake ƙarewa. Da wuya ka ji an tallafa wa mai tara juji.

Sai dai kada a ɗauka doka ce za ta gyara komai dare ɗaya. A Afrilun 2021 shugaba Gotabaya Rajapaksa ya hana shigar da takin zamani Siri Lanka ba tare da shiri ba. Shinkafa da ganyen shayi suka yi ƙasa, aka janye dokar kafin shekara ta ƙare, a Yulin 2022 kuma ya tsere daga ƙasar ana tsakiyar zanga-zanga. Manomin namu bai yi mamaki ba. Ya san gonar da ta saba da takin buhu sai ta sha damina da dama tana cin takin gargajiya kafin ta farfaɗo, kuma a shekarun farko rumbu ba ya cika.