In An Buɗe Murfin Inji, Kada A Tsaya A Gaskit Kaɗai

Mu da ke gyaran mota a bakin titin Shika, wanda ya taso daga Samaru ya nufi Funtuwa, ba ma rabuwa da motar da saman injinta ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, mai ita yana kukan ƙauri. Yawanci laifin gaskit ne, wato robar da ke tsakanin murfi da kan inji. Zafi ke busar da ita har ta ƙandare, sai mai ya riƙa tsatsowa yana ɗiga kan bakin salansa mai zafi. Canza ta ba wuya. Roƙona ga masu mota shi ne, tunda an riga an biya kuɗin kwancewa, a bar makanike ya duba abin da murfin ke ɓoyewa.

Ni da ramukan fulogi nake farawa. A Corolla da Camry da Honda Accord, kowane rami yana da zoben roba da ke hana mai gangarawa ciki. Shekarunsu ɗaya da gaskit ɗin, wuta ɗaya suka sha, don haka tare ake canza su. In mai ya taru a ramin, yakan kumbura robar koyil, wuta ta riƙa zurarewa, mota ta riƙa fizga. Sai an tsane man tas kafin a zare fulogi, a kuma duba bakinsa: in ya cinye, a sa sabo.

Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, ɗan ƙaramin bawul da ake kira PCV. Ta nan inji ke fitar da tururin da ke taruwa a cikinsa. In ya toshe, iskar ta rasa hanya, sai ta tura mai ta duk inda ta samu rauni. Na sha karɓar motar da aka sa wa sabon gaskit a wani wuri, ba a jima ba ta koma yoyo, mai ita yana zargin jabu aka sa masa, alhali wannan bawul ne ya cushe. A cire shi a girgiza. Mai lafiya yakan yi ƙara. A taɓa tiyonsa ma, in ya tsage a sauya.

Daga nan sai a kifa murfin a kira mai mota ya gani da idonsa. In cikin ya yi launin zuma, ana juyen mai a kan kari. In ya yi baƙin dasƙararren datti kamar kwalta, nakan ce, “Alhaji, ko man da ake zuba maka ba shi da kyau, ko kana daɗewa ba ka yi juye ba.” A wanke murfin a waje, kada a kankare dattin ya zube cikin inji ya toshe rariyar famfon mai. A Corolla mai sarƙar tayimin, ana hango sarƙar daga nan, a duba ko ta saki. Accord mai silinda 4 kuwa, dama ce ta auna tazarar bawul, amma sai inji ya huce sarai.

Wajen mayarwa ake yawan ɓata aiki. Gam ɗigo kaɗan ake sawa a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu. In aka lafta shi, ragowar kan gutsure ta bi mai. Notunan murfin ba sa son ƙarfi. Daga tsakiya ake bin su zuwa gefe, sannu a hankali, don matsewa da yawa na tsaga murfin roba, ko ta cinye zaren noti. Lokacin hunturu kuma ba na barin inji a buɗe ƙura na shiga. Ko salla zan tafi sai na rufe shi da tsumma mai tsabta.

In za ka aiki yaro Sabon Gari sayen kaya, ka ba shi tsohon gaskit ɗin da lambar injin, ka ce ya haɗo da zobban fulogi da bawul ɗin PCV, ya kuma guji mai arha, domin arha ba ta ado. A ƙarshe a yi juyen mai da sabuwar filta, a tayar da mota ta yi zafi, a haska gefen murfin da tocila kafin ka biya kuɗin aiki.