Alamomin Yahudawa da Ma'anarsu

Wanda duk ya taɓa riƙe tsohon kwabo mai huji, irin wanda aka fara bugawa a 1907, ya ga tauraro mai tsini shida a jikinsa. Malamanmu na allo suna kiransa Hatimin Annabi Sulaimanu, Yahudawa kuwa suna ce masa Magen Dawid, watau Garkuwar Dawuda. To, 'yan'uwa, tun da yake gobe mu ne za mu tsaya gaban yara, yaro kuwa ba ya rasa tambaya, ya kamata mu san alamomin mutanen nan, kada mu koyar da abin da muka tsinta a bakin kasuwa.

Abin mamaki, tauraron nan da ya fi sauran alamominsu suna, shi ne ƙaraminsu. Babu ambatonsa cikin Attaura. Da can Musulmi da Kirista da Yahudawa duka suna zana shi don ado ko tsari. Yahudawan birnin Furag ne suka mai da shi tambarin jama'arsu, sa'an nan taron Sahyoniyawa na birnin Basel ya ɗauke shi a 1897. A 1941 gwamnatin Hitila ta tilasta wa Yahudawan Jamus su ɗinka shi, rawaya, a ƙirji don wulakanci. A 1948 ya hau tutar Isra'ila. Saboda haka wanda ya gan shi a kwabo ko a hatimin kakansa, kada ya yi hanzarin cewa aikin Yahudawa ne.

Alamarsu ta asali ita ce Menora, watau fitila mai rassa bakwai. Attaura ta ce an umurci Annabi Musa, alaihissalam, ya sa a ƙera ta da zinariya zalla, curi guda, a riƙa kunna ta da man zaitun. Akwai irinta cikin babban ɗakin ibadarsu na Baitul Muƙaddas har shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa, sa'ad da Titus ya zo da rundunar Rumawa ya rushe ɗakin, ya kwashe kayansa. Har yanzu a birnin Rum akwai ƙofar dutse da aka gina don tunawa da nasararsa, an sassaƙa sojoji ɗauke da fitilar a kafaɗa. Wasu malamansu sun ce rassan bakwai kwanakin mako ne, wasu sun ce hasken hikima ne. Akwai wata kuma mai rassa tara, ta idin Hanuka. Sun ce lokacin da suka ƙwato ɗakin daga hannun Yunanawa, man kwana ɗaya kaɗai suka tarar, amma ya kai su kwana takwas. Reshe na tara bawa ne, da shi ake kunna sauran.

Wadda ta fi burge ni ita ce Mezuza. 'Yar fata ce wadda marubuci yake rubuta ayoyin Attaura a kanta da hannu, layi 22, farkonsu shaidar cewa Ubangiji ɗaya ne. Sai a naɗe ta, a sa cikin ɗan kube, a kafa a dogarin ƙofa ta hannun dama. Mai shiga da mai fita yakan taɓa ta ya sumbaci yatsunsa. Bahaushe in ya gani zai ce laya ce, ba kuwa shi kaɗai ya yi wannan zato ba. Babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya yi faɗa ƙwarai da masu ɗaukarta maganin tsari. A ganinsa tuni ce ga mai gida, ya tuna Mahaliccinsa duk sa'ad da ya ƙetare ƙofa.

Tuntayen da suke ɗaurawa a kusurwa huɗu na mayafin addu'a su ma tuni ne, na dokoki 613 da malamansu suka ƙidaya cikin Attaura.

Saura Shofar, ƙahon rago da suke busawa ran sabuwar shekararsu, don farkad da zukata zuwa tuba, da tunawa da ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi. A nan muka rabu da su, gama su sun ce Ishaƙu ne, galibin malaman Musulmi kuwa sun ce Isma'ila ne. Ƙahon gada ko na akuya yana iya tsayawa a madadinsa, amma ba su yarda da na saniya ba, don kada a tuna da ɗan maraƙin zinariya da kakanninsu suka bauta wa.